Jan Gargaɗin da Maigidana Ya Koya wa Mama Tsallakewa

Anti, don Allah ki ba ni aron kunnenki ki kuma ba ni shawara, domin maganar da ke cina babu wanda zan kai wa ita a cikin danginmu ba tare da ta koma inda nake gudu ba. Kin ga ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum, da fatan kina lafiya, ke da duk masu bibiyar wannan fili. Ki sakaya sunana.

Ni ce mai zama a teburin gaba a wani ɗakin gwaje-gwaje, inda ake awon jini da fitsari da makamantansu. Wurin na kawuna ne, yayan mahaifiyata. Ni nake karɓar mutane, ni nake shigar da sunayensu, ni nake ɗaga waya. Ba yabon kai ba, na iya aikina. Na san wanda ya shigo da tsoro ko da yana dariya, na san matar da ba ta so 'yar rakiyarta ta ji irin awon da za a yi mata, sai in rage murya in kife takardar. Yawancin masu zuwa wajenmu ba su san fuskar masu awon ba, muryata suka sani. In na ce musu abu kaza ba komai ba ne, sun yarda ke nan. Ki riƙe wannan, don zan dawo kansa.

Maigidana masanin kwamfuta ne. A gida Injiniya muke ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana. Lokacin da kamfanin da yake wa aiki ya rufe, ya daɗe a zaune, har irin shirun da yake yi ya fara ba ni tsoro. Mutum mai surutu ya koma sai kallon bango da gyaran rediyon da ba ta lalace ba. Ni na je na sami kawu na ce masa ga wanda zai raba mu da dogon layin masu karɓar sakamako. Kawu mutum ne mai wuyar yarda, kuma kullum cewa yake ba ya haɗa aiki da surukuta. Na tsaya kai da fata, na ce in abin ya lalace ni za a kama. Da kyar ya amince. Injiniya kuwa bai ba ni kunya ba. Ya gina mana shafi a intanet, in sakamakonka ya fito saƙo zai shigo wayarka, ka danna, ka sa lambarka da kalmar sirri, ka ga takardarka kana zaune a ɗakinka. Layi ya ragu, masu juna biyu sun huta da hawan benenmu, kawu ya fara kiransa ɗana a gaban ma'aikata. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Da farko shafin a wajen wani kamfani yake, irin masu ba da hayar wuri. Injiniya bai so haka ba. Ya ce sirrin jikin mutane bai kamata ya kwana a hannun waɗanda ba mu taɓa ganin fuskarsu ba. Sai ya dawo da komai cikin wata baƙar kwamfuta da yake kira saba, ya ajiye ta a sitonmu na baya, ƙarƙashin kantar da muke jera kwalayen safar hannu. Ya saya mata fanka tata ta kanta, ya hana mai shara zuwa kusa da ita da jiƙaƙƙen tsumma. Na yaba masa a lokacin, kuma har gobe ina ganin niyyarsa mai kyau ce. To amma tun ranar da aka yi wannan ƙaura, duk wanda ya danna saƙonmu, maimakon shafin ya buɗe sai gargaɗi ya cika masa fuskar waya, da wata jar alama, da rubutu cewa wannan haɗin ba amintacce ba ne, wai wasu na iya ƙoƙarin sace bayanansa, wai ba a yarda da satifiket ɗin tsaron shafin ba. Can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe, akwai inda mutum zai danna, wani rubutun ya buɗe, ya sake danna inda aka ce a ci gaba duk da haka, sannan ya shiga. Adireshin da ke cikin saƙon ma ya daina zama suna, ya koma wasu lambobi da ɗigo-ɗigo a tsakaninsu.

Wayar ofis ta ƙi hutawa. Na kai masa ƙara, ya yi dariya. Ya ce satifiket ɗin shi ya yi abinsa ya sa masa hannu da kansa, kuma kullewar da yake wa bayanai ba ta gaza ta manyan bankuna ba. Abin da kawai ke damun burauza, wato manhajar da ake buɗe shafi da ita, shi ne ba ta san shi ba, don bai je ya yi wa wasu kamfanoni fadanci sun sa masa hannu ba. Ya ce su wane ne su da za su shaide shi a kan kwamfutar da ya haɗa da hannunsa. Ya ƙara da cewa 'yan damfara ma suna da ɗan kwaɗon nan da ake gani a saman shafi, saboda haka kwaɗon ba shaidar gaskiya ba ne. Anti, in Injiniya yana bayani sai ki ji kamar ki ba shi haƙuri don kin yi tambaya.

Haka muka zauna da abin har ya zama ɗan gida. A ofis muka sa masa suna jan ƙyalle. In sabuwar ma'aikaciya ta zo, kafin a nuna mata inda ake ajiye auduga an nuna mata yadda ake tsallake jan ƙyalle. Ni kuwa a waya, kada ka damu, gangara ƙasa, danna, sake dannawa. Bakina ya saba har nakan faɗa kafin mutum ya gama tambayarsa.

Yanzu ga inda abin ya taɓa ni. Mamata tana da ciwon suga, a wajenmu ake mata awo. Tsohuwar malamar makaranta ce, ta ƙare ƙuruciyarta tana yi wa yara gyara da jan biro, saboda haka ta san ja ba abin wasa ba ne. Ranar da ta fara ganin gargaɗin, kife wayar ta yi a kan kujera ta aiko a kira ni. Injiniya da kansa ya je gidan. Ya zauna a ƙasa kusa da kujerarta, ya kama yatsanta yana nuna mata, ta yi kuskure ya sake, ta manta ya sake, bai gaji ba har ta iya. Ya ce mata ba wani abu ba ne, gaisuwar kwamfuta ce. Kalmar nan ta yi wa Mama daɗi, ta dinga maimaita wa ƙawayenta, tana cika baki da surukinta mai haƙuri.

A watan jiya wani saƙo ya shigo mata, wai daga kamfanin layin wayarta, wai za a rufe mata layi in ba ta sabunta rajista ba. Ta danna adireshin da ke cikin saƙon, ta sa lambarta, aka turo mata wasu lambobin sirri ta kwafe ta zuba musu. Kafin la'asar an ƙwace mata manhajar hira, ana ta aika wa dangi da tsofaffin ɗalibanta saƙo da sunanta da hotonta, wai tana kwance a asibiti a kawo ɗauki. Wata ƙanwarta ta baro tukunya a kan wuta ta taho tana kuka. Allah ya rufa asiri babu wanda ya tura komai, don kawu ya kira ta kai tsaye ya same ta lafiya lau tana ninke kayan wanki. Amma kunyar ta kwantar da ita fiye da ciwon, ta daina ɗaga wayar kowa na ɗan lokaci.

Wa ya ƙwato mata manhajar? Injiniya. Ya yini a kai, dangi suka yi ta sa masa albarka. A mota muna dawowa yana dariya ya ce tsofaffi da danne-danne sai Allah. A lokacin ban san komai ba. Sai daga baya, ina taya ta gyaran ɗaki, ta rage murya ta ce min ita fa ta ga jan nan a ranar, har gabanta ya faɗi, sai ta tuna gaisuwar kwamfuta ce, ta gangara ƙasa ta danna ta wuce yadda aka koya mata. Sannan ta kama hannuna ta ce kada in kuskura in faɗa masa, yaron ya sha wahala a kanta, ba ta so ya ji nauyi. Ba ta kuma so yayanta ya ji, don ta san halinsa. Ban ce na yi alkawari ba, amma na gyaɗa kai.

Anti, raina ya ɓaci. Na ji haushinsa, na ji tausayinta, na kuma ji tsoro. In Mama da iliminta da taka-tsantsan ɗinta ta faɗa, ina ga sauran mutanen da suka ji daga bakina cewa jan nan ba komai ba ne?

Ana cikin haka kawu ya gaji da ƙarar waya, ya ce a buga bayanin yadda ake tsallake jan ƙyalle a bayan sabon ambulan ɗinmu, da hotuna da kibiyoyi, don kowa ya tafi da shi gida. Injiniya ya zana, ya yi kyau har da launi. Mai buga takardu yana jiran in ce masa ya buga, don ni nake kula da irin wannan. Na ce masa akwai gyara, ya sake kira na ce ana dubawa. Uzurina ya kusa ƙarewa. Ga kawu kuma duk sanda ya tsaya a teburina sai ya girgiza kai ya ce shi har yanzu yana mamakin yadda aka yi ƙanwarsa mai wayo ta faɗa hannun ɓarayi. Sai in yi kamar ina neman biro.

Na gwada yi wa Injiniya magana ba tare da na ambaci Mama ba. Ya sha mur, ya ce tun yaushe mai ɗaga waya ta fara koya masa aikinsa. Daga baya ya ba ni haƙuri a kan kalmar, amma ra'ayinsa bai motsa ba. Ya ce dama ya san za a zo nan, aikin gidan surukai ke nan, kowa shugabanka ne. Tun ranar maganarmu ba ta wuce gaisuwa da tambayar ina makullin mota.

Ni na tabbata ina da gaskiya, kuma ba zan ce a buga ambulan ɗin nan ba. Hanyar ce ban gani ba. In na je wajen kawu na kwance wa mijina zani a kasuwa, kuma kawu ba ya ba da dama ta biyu. Ko bai sallame shi ba, ba zai sake kiransa ɗana ba, ni kuwa na ga abin da zaman gida ya yi masa, ba na so in sake gani. In na faɗa masa maganar Mama na ci amanar tsohuwa. In na yi shiru, ambulan zai fita da tambarinmu yana koya wa gari guda su yi abin da Mama ta yi. Ki kuma gaya min tsakani da Allah, gargaɗin nan da gaske yake, ko kuwa burga ce kamar yadda yake faɗa? Ki yafe min tsawon wasiƙa.

Taki,
Mai Ɗaga Waya

Wa alaikumus salam, ƙanwata Mai Ɗaga Waya.

Kada ki bari a buga ambulan ɗin nan. Na fara da wannan ne don ki san a kan babbar maganar muna tare. Saura yadda za a yi ba tare da an zubar da girman kowa ba, kuma ana iyawa.

Bari in ba mijinki haƙƙinsa tukuna, don yana da shi. Gaskiya ne satifiket ɗin da mutum ya yi wa kansa yana kulle bayanai, ba kwaɗon roba ba ne. Gaskiya ne kuma 'yan damfara da yawa suna da ɗan kwaɗon nan a shafinsu, saboda haka rashin gargaɗi ba ya nufin shafi na mutanen kirki ne. Damuwarsa da kada sirrin marasa lafiya ya kwana a hannun baƙi ita ma abin yabo ce. Ba jahili kike aure ba, ba kuma mugu ba.

Inda ya kauce shi ne nan. Satifiket aiki biyu yake yi. Yana kulle abin da ke tafiya tsakanin waya da saba, yana kuma shaida cewa sabar da ake magana da ita ita ce ta gaskiya. Na Injiniya yana yin na farko, ba ya yin na biyu. Abin da burauza ke cewa da jan nan shi ne, ƙofar a kulle take amma ban san wanda ke riƙe da makullin a ɗaya ɓangaren ba. Ki ɗauka wata mata tana zaune a wani shago tana amfani da intanet ɗin kyauta, tana so ta duba awon cikinta. Wani mai mugun nufi a kan layin nan zai iya shiga tsakani da shafi mai kama da naku, shi ma da satifiket ɗin da ya yi wa kansa, kuma gargaɗin da zai fito mata iri ɗaya ne da wanda kuka koya mata ta tsallake. Injiniya zai iya bambance nasa da na ɓarawo, don shi ya yi shi. Ita ba za ta iya ba. Irin wannan satifiket yana da amfani a cikin gida, tsakanin kwamfutocin ofis da zai bi ɗaya bayan ɗaya ya gabatar musu da shi da hannunsa. Ba a miƙa wa jama'ar gari shi. To gargaɗin ba burga ba ne.

Gyaran kuma ba shi da wuya. Ya yi wa shafin rajistar suna a daina aika wa mutane lambobi masu ɗigo. Akwai hukumomin da ke ba da satifiket kyauta, waɗanda burauza ta san su, kuma ana iya saita saba ta riƙa sabunta shi da kanta kafin wa'adinsa ya cika. Ba sa ganin sakamakon kowa, abin da kawai suke dubawa shi ne sunan a hannunsa yake. Sabarsa za ta ci gaba da zama a ƙarƙashin kwalayen safar hannu tana shan iskar fankarta. Mutumin da ya gina shafin nan daga tushe, wannan ba zai cinye masa yini ba, kuma ina kyautata zaton ya san haka.

To me ya hana shi? A ganina ya riga ya faɗa a gaban kawu da ma'aikata cewa ba komai ba ne, janyewa ta yi masa nauyi. Kuma ki duba kalmarsa, su wane ne su da za su shaide shi. Mutumin da ya zauna a gida ba aiki, sannan matarsa ta tsaya masa aka ɗauke shi a gidan surukai, maganar sai wani ya shaide ka tana taɓa masa wani wuri mai ciwo. Amma ai haka ya shiga wurin. Gwani ne tun kafin kawu ya san shi, sai dai kawu bai ɗauke shi don ya ce shi gwani ne ba, sai da wadda kawu ya yarda da ita ta tsaya masa. Hakan bai rage shi da komai ba, aikinsa ne ya riƙe shi daga baya. Na faɗa miki wannan ne don ki gane ciwon, ba don ki goranta masa ba. Ranar da kika ce masa ai ni na tsaya maka, ranar kika rufe ƙofar da kike so ki buɗe.

Ki fara da Mama. Ki koma ki same ta ku biyu, ki ce mata maganar da ta ba ki ta fi ƙarfin ajiya, domin ba ita kaɗai aka koya wa darasin nan ba, kuma ana shirin buga shi a raba wa kowa. Malama ce. Ba za ta yarda a bar kuskure a kan allo don kawai wanda ya rubuta shi yana da kirki ba. Ina ganin za ta sake ki. In ta ƙi, ki gaya mata cikin ladabi cewa za ki faɗa masa shi kaɗai, ki kuma nemi gafararta tun kafin. Abin da bai dace ba shi ne ki yi a bayan idonta.

Sannan Injiniya. Ba a ofis ba, ba a gaban yara ba, ba kuma yana tsaka da cin abinci ba. Ki fara da abin da ya yi daidai, don ya san ba faɗa kika zo ba. Daga nan ki faɗa masa abin da Mama ta ce, da kalmominta, cewa ta ga jan, gabanta ya faɗi, sai ta tuna gaisuwar kwamfuta ce. Ki yi shiru daga nan. Kada ki ƙara da ka gani ko, kada ki tuna masa dariyar da ya yi a mota, zai tuna da kansa. Wataƙila ya ce gargaɗin da Mama ta gani wani iri ne dabam, kuma mai yiwuwa haka ne, don ba duka jan ke nufin abu ɗaya ba. Amma Mama ba ta san ire-irensu ba, ja kawai ta gani. Mutumin da ya zauna a ƙasa ya kama yatsan surukarsa har ta iya, ba na jin zai ji wannan ya kwana lafiya.

Wajen kawu kuma shi zai je, ba ke ba, kuma da gyara a hannu. Ya ce masa ba a bukatar buga komai a bayan ambulan, domin ya kawar da gargaɗin daga tushe. Wanda ya zo da gyara ba a yi masa kallon wanda aka kama da laifi. Dole dai kawu ya san cewa an daɗe ana ce wa mutane su tsallake abin da bai kamata ba, don sai da izininsa za ku aika wa duk masu hulɗa da ku saƙo cewa su canza kalmar sirrinsu, kuma daga yau in sun ga jan gargaɗi, a shafinku ko a na wani, su koma baya su kira ku. Abin da ya faru da Mama kuwa nata ne, ita ke da ikon faɗa wa yayanta ko ta bari.

In Injiniya ya kafe fa? Ki gaya masa tun da wuri, cikin sanyin murya, cewa ranar da mai buga takardu ya ƙi ƙarin jira, za ki ce wa kawu ba za ki amince ba, kuma in ya tambayi dalili za ki faɗa. Wannan ba cin fuska ba ne, tunda kin sanar da shi kin kuma ba shi fili ya riga ki. Sirrin mutanen da suka miƙa muku jininsu amana ce, ba a biyan zaman lafiyar gida da ita.

Ke ma akwai naki. Kin ce in riƙe maganar muryarki, na riƙe. Daga gobe kada bakinki ya sake cewa gangara ƙasa ka danna. Wanda ya kira ki ce masa ana gyaran shafin, ya zo ko ya aiko wanda ya yarda da shi ya karɓa a hannu. Layi zai dawo na ɗan lokaci, masu hawan bene za su yi mita, ki ba su kujera da haƙuri. Ku sauran masu karatu kuma, duk wanda ya ci karo da irin wannan gargaɗi ya fara duba kwanan wata da agogon wayarsa, don in sun rikice suna jawo shi. In suna daidai, ya koma baya, kada ya zuba kalmar sirri a wurin. Lambobin sirrin da ake turo wa mutum a waya kuwa ba a ba kowa su, da gargaɗi ko babu.

Aiki na ƙarshe na Injiniya ne, kuma kada ki karɓe masa. Ya koma gidan Mama, ya zauna a ƙasa inda ya zauna a da, ya kama yatsan nan dai, ya nuna mata inda ake danna a koma baya. Ya ce mata jan nan ba gaisuwa ba ce, kuma faɗuwar da gabanta ya yi a ranar ita ce daidai. Daga bakinki ba za ta zauna mata ba, don ba ke kika koya mata na farko ba. Ita kuma za ta kai wa ƙawayenta gyaran kamar yadda ta kai musu kuskuren, har ma ta ƙara cika baki da surukin da ya dawo da ƙafarsa ya gyara.

Allah ya ƙara wa Mama lafiya, ya sa sugan ya sauka, ya kuma dawo muku da hirar da ta wuce tambayar makullin mota.

Taki,
Anti